Abin Da Na Zuba A Kunun Gayya

Damri, ranar Litinin

Zuwa ga Nomau,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da yayanka Lawali, ɗan kawunka Garba, da duk wanda ke cikin motar nan taku. Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, Ya tsare muku gaba da baya, Ya kai ku Kudu lafiya da kayan mutane, Ya dawo mana da ku lafiya.

Na san za ka yi mamaki in ka warware tabarmar da innarka ta ɗaure maka a kan jaka ka ga takarda a ciki da rubutuna. Gida ɗaya muke kwana, ga baki ga kunne, me ya kawo takarda? Kai ɗan fari ne, kuma ka san yadda muke. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, Nomau ɗin da kakarka ta laƙaba maka shi nake fakewa da shi. Mutumin da ke jin nauyin sunan ɗansa, ina zai iya zaunar da shi ya tona masa asirin kansa ido da ido? Na gwada ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, ka tuna na ce ka tsaya, sai na ɓige da tambayarka ko an ba akuyoyi ruwa. Shi ya sa na ɗauko ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga harafi ya karkace, hannuna ne ke rawa, kuma dalilin rawar ma yana cikin abin da zan gaya maka. Tabarmar kuwa kada ka raina ta don ka ga ta tsufa, zan zo kan maganarta.

Talatar da ta wuce na shiga kasuwar Mafara sayen iri, na bi ta tasha inda kuke lodin kwandunan tumatur. Ba leƙen asirinka na je yi ba, hanya ce ta biyo da ni. Na hango ka wurin mai shayi, na kuma ga ba daga butar da ke kan wuta ya zuba maka ba, daga wadda ke ƙarƙashin tebur ne. Da ka dawo gida ka maido wa innarka tuwonta ko taɓawa ba ka yi ba, kana ta surutu da dariya, kai da ba ka cika magana ba, muƙamuƙinka yana motsi alhali babu komai a bakinka. Ita ta ɗauka murnar tafiya ce. Ni kuwa na san wannan muƙamuƙin, a fuskata na fara saninsa. Ban tambaye ka ba, kuma yanzun ma ba tuhumarka nake ba. Ko sau ɗaya ka sha ko ka fara sabawa, kai ka sani. Abin da na sani shi ne gobe za ka zauna kusa da sitiyari, ran Lawali da naka da na mutanen kan hanya suna hannunku.

Akwai abu biyu da ka sha tambaya tun kana ƙarami ana share ka. Me ya sa kowace damina sai mun gama nome gonar Kawu Garba, yayan innarka, kafin mu taɓa tamu? Kuma me ya sa duk Damri gidanmu ne kaɗai ba a dama kunun tsamiya, ko da azumi? Amsar guda ce, kuma ni ne amsar.

Lokacin da aka fara aikin dam ɗin Bakolori ina saurayi, ban fi ka yanzu ba. Mu da ba mu taɓa ganin abin da ya fi garmar shanu ba, sai ga motoci masu cin tudu kamar tuwo. Duk wani mai jini a jika daga Bakura har Tsibiri ya ajiye fartanya ya tafi lebura, ni ma na bi. Aikina ɗaukar kwanon kankare a ka, a hau a sauka, tun fitowar rana har ta yi ja. A gona in ka gaji sai ka jingina da kalgo ka huta, ba mai ce maka komai. A can kuwa layi ne, in ka yi sanyi na bayanka ya taka maka dunduniya. Ni ba ƙaƙƙarfa ba ne, ka dai gan ni. Kafin azahar ƙafafuna sun fara karkarwa, abokan aiki suna yi mini tsiya wai 'yan Damri sai cin kasuwa, ba sai aiki ba. Wasa suke, amma ni abin ya ci mini rai.

Akwai wani mai shayi a bakin hanya, can nesa da ƙofar wurin aiki. Wata safiya ya dube ni ya ce ya ga alamar jikina ba ya so, ya miƙo mini 'yar farar ƙwaya, bai ma karɓi komai ba. A-ji-garau suke ce mata. Na haɗiye da shayi. Nomau, ba zan yi maka ƙarya in ce ban ji daɗi ba, don in na ce haka za ka san ban san abin da nake faɗa ba. Ranar nan kwanon kankare ya zama kamar hula a kaina. Ban ji yunwa ba, ban ji rana ba, masu yi mini tsiya suka koma kallona. Kuskurena na fari ke nan, kuma ba ƙwayar ce farkonsa ba, tsoron a ce mini rago ne. Don haka ka ji: a tasha za su kira ka karen mota, za su ce ɗan ƙauye ne mai barcin kaji. Ka bar su su faɗa. Mutumin da ya yi maka dariya yau, gobe ba zai ma tuna ba, amma abin da ka haɗiya don ka rufe masa baki yana nan cikin jininka. Kuma duk wanda ya ba ka ta farko kyauta, ya san za ka dawo neman ta biyu da ƙafarka.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya. A wurin aikin akwai mutanen Kudu da na wasu garuruwa da in an tashi sukan tafi su sha giyarsu. Mu kuwa sai mu bi su da harara, muna a'uziyya, muna godiya Allah bai yi mu mashaya ba. Ina tir da su, ƙwaya tana cikin aljihun rigar da nake salla da ita. Na gaya wa kaina ai wannan magani ne, a takarda yake zuwa, likitoci suka yi shi, ba ya wari, ba ya sa tangaɗi, kuma don neman halal nake sha. Wani makanike daga cikinsu, mutumin kirki, ya taɓa riƙe hannuna ya ce da gurguwar Hausarsa shi ya san abin da yake sha mugu ne, ni kuma ban san nawa ba, saboda haka na fi shi shiga haɗari. Na fizge hannuna na ce arne ne zai yi mini wa'azi. Allah Ya yafe mini wannan kalma, ban san inda mutumin yake ba yau, amma gaskiya ya gaya mini. Kai ma za a ce maka ganye ne kawai a cikin shayin, ko maganin gajiya ne, ko na mura. Kada ka tsaya kan sunan. Ka duba abin da yake yi maka. In ya hana ka yunwa lokacin yunwa, ya hana ka barci lokacin barci, ya sa ka ji ba ka iya aiki sai da shi, to shi ne, ko a kwalba ya zo ko a buta.

A cikin wannan hali aka yi mini aure da innarka. Ƙwaya ɗaya ta daina isata, na koma biyu, daga nan na daina lura. Na rame har wuyana ya yi tsawo, bakina kullum a bushe, haƙorana na turmi suka fara zubewa saboda cizon da nake musu. Wani lokaci ina zaune zuciyata ta riƙa bugawa kamar ana daka a ƙirjina. Barci ya ƙaurace mini, sai mai shayin ya haɗa ni da wata ta sa barci, na zama da safe a tashe ni da ƙwaya, da dare a kwantar da ni da ƙwaya. Abin da ya fi duka muni shi ne zargi. In na ga mutum biyu suna magana sai in ce da ni suke. Innarka yarinya ce mai fara'a a lokacin, na mayar da ita mai tafiya da sanɗa a ɗakinta. Ban taɓa dukanta ba, amma tsawar da na yi mata a kan gishiri da ruwan wanka, in na tuna har yau sai in sunkuyar da kai. Ta yi ta kawo mini rubutu daga wurin malamai tana zaton mayu ne suka kama ni, ina shanyewa ina kora ƙwaya da shi. Ka riƙe wannan: mai shan abin nan shi ne na ƙarshen sanin ya canza. In wanda ke ƙaunarka ya ce maka ka canza, ka yarda da idonsa fiye da naka.

Da aikin ginin ya ƙare aka sallame mu, ruwa ya fara bin kanal yana zuwa gonaki. Ba kowa ya ji daɗin yadda aka yi da gonakin ba, wannan wani dogon zance ne da ba na yau ba. Ni dai na samu fili na yi alkama a rani. Da can manomi yana da hutu, in an kai amfani rumbu sai a miƙe ƙafa har ruwa ya sauko. Da noman rani ya zo, shekara ta zama ba ta da wurin zama, ni kuwa na samu sabuwar hujjar shan ƙwayata. A shekarar da aka haife ka alkamata ta yi kyau ƙwarai, ta nuna gaba ɗaya lokacin da zafi ya fara, tsuntsaye suka sa ta gaba. Sai na kira gayya.

Ka san yadda gayya take, ko da yake yanzu ta ja baya. Mai gona ba ya biyan kowa, mutane su zo da laujensu don zumunci, shi kuma ya ciyar da su. Ba wanda ke tambayar me ke cikin ƙwaryar mai gayya, ana zuwa a yi bisimilla a sha, don amana ce ta kawo kowa. Innarka, tana da ɗanyen goyonka, ta tashi ta dama kunun tsamiya cike da tulu, don ta san yayanta Garba zai zo kuma ba abin da yake so kamarsa. Ni na ɗauki tulun a kan jaki. Aikin na yini biyu ne ko fiye, ni kuma ina so a gama a yini ɗaya a ce gayyar Mamman ba a taɓa irinta ba. Da na kai gindin wata tsamiya a bakin kanal, na tsaya, na daka ƙwayoyin da ke aljihuna a kan dutse, na zuba a tulun na girgiza. Na lissafa cewa tsamin zai rufe ɗacin. Wallahi a lokacin gani nake alheri nake musu, ƙarfi zan ƙara musu. Dubi inda abin ya kai hankalina.

Kai ka tashi ka ga kawunka a kan tabarma, hannu ɗaya a lanƙwashe, baki a karkace. Ba ka san shi a tsaye ba. Garba shi ne wanda in makaɗi ya ɗora ganga a gona sunansa yake fara kira. Ba ya shan taba, ko goro ba ya ci. Yakan yi fama da ciwon kai jefi-jefi, ba wanda ya san hawan jini ne. Ranar nan ya sha kunun ƙanwarsa ludayi bayan ludayi yana sa mata albarka. Aiki ya kankama, mutane suna yanka kamar ana korarsu, ana ihu ana dariya, ba mai neman inuwa, ni ina ta jin daɗi. Rana ta take tsaka sai na ga Garba ya tsaya ya dafe ƙeya. Ya dube ni, lauje ya suɓuce daga hannunsa, ya faɗi a kan alkamar da ya yanka.

Muka kai shi asibiti a Mafara. Likita ya ce jini ne ya hau ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya kuma tambaya ko ya sha wani abu. Na ce kunu kawai. A gari kuwa magana ta bazu cewa iska ce ta buge shi, wai aljanun da aka tasa daga wurin dam sun dawo gindin tsamiyar nan ta bakin kanal. Sauran 'yan gayya da suka kwana biyu ba barci, zuciya na bugawa, su ma suka ce ai sun ji a jikinsu wurin ba lafiya ba. Aka daina bi ta gindin itacen. Ni na fi kowa gyaɗa kai. Na bar aljanu suka ɗauki laifina, na bar innarka tana kuka tana cewa da ba ta matsa masa ya zo ba. Wannan shirun shi ne kuskurena mafi girma bayan zubawar. Nomau, in ka yi ɓarna, ka faɗa tun da zafinta. Da na gaya wa likitan nan gaskiya, ban sani ba ko da akwai abin da zai yi dabam, kuma wannan rashin sanin zan mutu da shi.

Aka dawo da shi gida ba ya magana. Sai da damina ta sauka harshensa ya fara sakuwa. Wata ranar ya sa aka kira ni, ya yi nuni kowa ya fita daga zauren. Maganarsa tana fita da ƙyar, sai na kai kunnena kusa da bakinsa.

Ya ce, "Mamman, tsamiya ba ta da ɗaci. Bakin da bai cin goro ba a ɓoye mishi ɗaci. Na san abin da kaz zuba."

Na durƙusa a gabansa. Na jira ya ce a kira mai gari, ko ya ce in sakar masa ƙanwa, kuma duk wanda ya yi bai zalunce ni ba.

Ya ce, "Ba ni hwaɗa ma kowa. Ƙanwata na da goyo, ban son yaron ga ya tashi ba uba. Amma kullum ka zo nan ka zanna wurina. Ka aje abin ga, in gani da idona."

Haka aka yi. Kowace safiya in zo in zazzage aljihuna a gabansa, in zauna. Mutane suna yabona wai surukin kirki mai jinya, ba su san ni ake jinya ba. Barin abin nan ba wasa ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Jikina ya mutu murus, ko buta na ɗaga sai in ji kamar dutse. Baƙin ciki ya rufe ni ba gaira ba dalili, ina babba ina hawaye. Barcin da na yi shekaru ina kora ya zo gaba ɗaya, in kife a gefen tabarmarsa tun hantsi har la'asar. In na farka sai in tarar yana kore mini ƙuda da hannun nan ɗaya da na bar masa. Na koma wa ƙwayar a ɓoye ba sau ɗaya ba, kuma duk ranar da na sha, da na shigo zai dubi muƙamuƙina ya juya fuska bango. Juyawar nan ta fi mini bulala ciwo. Daga baya shi ya matsa na koma asibiti aka duba zuciyata aka ɗora ni a kan magani na gaskiya, wanda nake sha har yau. A hankali abinci ya fara yi mini daɗi, na fara jin gajiya irin ta mutane. Ban taɓa sanin gajiya ni'ima ce ba sai da na rasa ta na samu.

Da na samu kaina na gaya wa innarka komai, don Garba ya rufa mini asiri a gari amma ni na kasa ci gaba da cin tuwonta da wannan a cikina. Ba ta yi ihu ba. Ta ɗauke ka ta goya, ta tafi gidansu, ta daɗe ba ta dawo ba. Yayan nata ne ya sa ta dawo. Tun daga ranar ba ta ƙara jiƙa tsamiya a gidana ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko da muna faɗa, kuma ba ta taɓa rage mini daraja a gabanku ba. In kana neman wanda za ka gode wa don ka tashi da uba a gida, ka fara da ita da yayanta. Ni kullum na idar da salla sai na ambace su, don abin da suka yi mini ban da abin biyansa, noman gonar nan da kake ƙorafi a kai ko kusa bai kai ba.

Lawali ma ya sani. Yana yaro lokacin da ubansa ya faɗi, shi ya bar makaranta ya shiga tasha don gidansu ya ci abinci. Da ya girma na same shi na gaya masa. Ya shekara ba ya gaishe ni, kuma ban ga laifinsa ba. Yau ga shi da kansa ya zo ya ce a ba shi kai ya koya maka tuƙi, ya ce abokin wasansa ne kai, ba zai bar ka hannun bare ba. Ɗan mutumin da na kwantar shi ne zai ɗora ɗana a hanyar abinci. In wannan bai sa mutum godiya ga Allah ba, ban san me zai sa shi ba. Duk tasha an san Lawali ba ya shan komai sai ruwa da goro, har suna yi masa dariya wai motarsa ta fi kowace yawan tsayawa. Yanzu ka san dalili.

Na san yadda sana'arku take. Tumatur ba ya jira, masu kaya suna ƙirga kowace tsayawa, in kun makara ya ruɓe a kwando. Za a zo wurin da idonka zai yi nauyi, wani ya miƙo maka kofi ya ce sha ka ga aiki. Nan ne za ka tsaya inda na tsaya a gindin tsamiya, aikin yini biyu kana so ka gama a ɗaya. In barci ya zo maka ka gaya wa Lawali, ba abin kunya ba ne. In shi ya zo wa, kada ka ce ya daure. Kada ka sha abin da ba ka ga yadda aka haɗa shi ba, kuma ko da wasa kada ka zuba wa wani abin da bai sani ba. In kuwa butar ƙarƙashin tebur ta riga ta fara kama ka, kada ka ɓoye, ka gaya wa yayanka tun a hanya, in kun dawo mu tafi asibiti tare. Ba zan yi maka faɗa ba, da wane baki? Zan zauna kusa da kai ne kamar yadda aka zauna kusa da ni.

Jiya na je wurin kawunka na gaya masa abin da na gani a tasha, na ce na rasa yadda zan yi. Sai ya ce, "Yahewa na yahe maka tun tuni, kai ma ka sani. Amma in yaron ga yat tahi bai san abin da anka yi ba, wannan shirun ba ni yahe shi."

Sai ya sa na ɗaga shi na mayar da shi kan buhu, ya ce in naɗe tabarmar da yake kwance a kai. Na ce a bari in sayo maka sabuwa a kasuwa, ya ce sabuwa ba ta san komai ba. Ba ita ce wadda na yi jinya a kanta ba, waccan ta mutu tuntuni, amma wannan ma ta sha nauyinsa, za ka ga inda kafaɗarsa ta lotsa ta.

Ya ce, "Ka ce mishi in barci ya zo, su tsai da mota ya shimhiɗa ta. Tumatur ya ruɓe, a sake wani. Ni shekara da shekaru nike kwance don wani ya ƙi bari a kai gobe."

Ya faɗa yana murmushi da rabin bakinsa, ni kuwa na fito da tabarma a hammata ina share ido.

Saƙon ke nan, na isar. In ka karanta ka ji ka tsane ni, ba laifi, Lawali ma ya yi ya gama. In ka dawo ba sai ka ce mini komai ba, na san nauyin baki, ni na gadar maka shi. Ka dai shigo ka ci tuwon innarka har ka nemi ƙari, zan gane.

Innarka tana gaishe ka, ƙannenka suna gaishe ka, kawunka ya sa maka albarka. Allah Ya kiyaye ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya da sharrin abokin banza. Allah Ya ba ka yunwa lokacin cin abinci, Ya ba ka barci lokacin barci, Ya sa ka fi ubanka hankali tun da wuri. Allah Ya saka wa Garba da gidan Aljanna, Ya tashe shi ranar gobe ƙiyama a kan ƙafafunsa biyu.

In idonka ya yi nauyi, ka shimfiɗa tabarmar nan, Sulaimanu.

Ni ne mahaifinka,
Mamman